Yadda Yaƙin Hitila Ya Shiga Rumbunan Zamfara

Galibin 'yan makaranta, in an ce su ba da labarin Yaƙin Duniya na Biyu, sai su kama lissafa garuruwan da aka gwabza, da jiragen sama, da igwa, da sojan Nijeriya da suka tafi Habasha da Bama. Duk wannan gaskiya ne, amma rabin labari ke nan. Soja ba ya cin harsashi. Kowane mutum guda da ke riƙe da bindiga a bakin daga, akwai mutane da yawa a bayansa: waɗansu na noma abin da zai ci, waɗansu na haƙo ƙarfen da za a ƙera masa makami, waɗansu na ɗauka su kai masa. Ɗaya rabin labarin shi ne yadda gwamnati ta tattara waɗannan mutane da dukiyarsu a hannunta, ta ce ga abin da za a noma, ga abin da za a haƙa, ga kuɗin da za a saya, ga kuma inda za a kai. Shi na ke so mu bi yau, tun daga Landan har ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, inda ba a taɓa jin ƙarar igwar Jamus ba, amma kuwa yaƙin ya shiga har cikin rumbu.

Ku fara sanin yadda ƙasar ta ke sa'ad da yaƙi ya tashi cikin watan Satumba na 1939. Babu Jihar Zamfara a lokacin, sai a 1996 aka yanke ta. Garuruwan nan uku gundumomi ne na Lardin Sakkwato, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Abubakar, wanda bai daɗe da hawa gado ba, don a 1938 aka naɗa shi. Sarkin Zamfara na Anka, Sarkin Mafara na Gummi, Sarkin Danko na Bukkuyum, su ne hakimai, ƙarƙashinsu dagatai da masu unguwa. Jama'a manoma ne: dawa da gero don ci, gyaɗa da auduga don kuɗin haraji da tufafi, ga kuma fadamun Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. Jirgin ƙasa ya taso daga Zariya ya biyo ta Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, saboda haka abin da aka noma don sayarwa can ya ke nufa, bisa jakai da raƙuma da 'yan motocin da ke akwai. Akwai kuma zinariya. Tun da Ingila ta daina ɗaura kuɗinta bisa zinariya a 1931, kuɗin zinariya ya tashi, Turawa da 'yan ƙasa suka bazu cikin rafukan Lardunan Neja da Zazzau da Sakkwato suna wanke yashi. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu komo kansa.

Abin mamaki, shekaru biyun farko na yaƙin ba ƙarancin kaya ya dami gwamnati ba, yawansu ne. Jamus tana cikin masu sayen amfanin gonar Afirka ta Yamma, rana ɗaya kasuwarta ta rufe, aka kuma ƙwace kantunan Jamusawa irin na Gaiser. A 1940 Hitila ya cinye Holan da Beljiyam da Faransa, waɗannan kasuwanni su ma suka tafi. Jiragen ruwa kuwa sun yi wuya, don jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa suna nutsar da su a teku, waɗanda suka rage kuma soja da makamai sun fi gyaɗa bukatarsu. Gwamnatin Ingila ta ga in ta bar abin haka manoma za su rasa mai saye, haraji ya ƙi biyuwa, sai ta ɗauki nauyin sayen koko duka, har aka ƙone waninsa don babu jirgin ɗauka. Daga nan hannun gwamnati ya fara shiga ciniki.

Faɗuwar Faransa a watan Yuni na 1940 ta taɓa Lardin Sakkwato ta wata hanya dabam. Turawan da ke mulkin Nijar suka bi gwamnatin Bishi, wadda ta yi sulhu da Jamus, alhali kuwa Gwamna Ebuwe na Cadi ya bi Janar Digol cikin watan Agusta. Watau iyakar da ke arewa da Sakkwato, wadda fatake da makiyaya suka saba ƙetarewa kamar zaure, ta zama iyakar da a ke tsaro, har ƙarshen 1942 da Faransawan Afirka ta Yamma suka komo gefen Ingila da Amurka.

To, sai ga 1942, shekarar da kome ya juye. Japan ta shiga yaƙi a watan Disamba na 1941, ran 15 ga Fabrairu 1942 birnin Singafo ya faɗa hannunta. Malaya ta tafi, tsibiran da a ke kira Indonesiya yanzu suka tafi, Bama ta tafi. Waɗannan ƙasashe kuwa su ne uwar kuza da danko a duniya, kuma daga wannan yanki a ke samun man ja da man kwakwa mai yawa. Ku dubi abin da wannan ke nufi. Da kuza a ke shafe gwangwanin da a ke zuba wa soja abinci, da ita a ke liƙa wayoyin na'urori, tana kuma cikin ƙarfen injuna. Da danko a ke yin tayar mota da ta jirgin sama. Mai kuwa, tun 1940 a ke auna wa mutanen Ingila man shanu da kakide da takarda, kowa da ɗan rabonsa na mako. Sai idon Landan ya juyo kan Afirka ta Yamma. Ƙasar da jiya a ke rasa yadda za a yi da kayanta, yau ita a ke roƙo ta ƙara.

Nan ne aka gina tsani mai tsawo, wanda ya kamata kowane ɗan makaranta ya iya hawansa da sauka. A can ƙoli, Ingila da Amurka suka kafa hukumomin haɗin gwiwa a 1942, ɗaya ta raba albarkatun ƙasa, ɗaya ta raba abinci, don kada abokan yaƙi su yi ta tsere wa juna a kasuwa. Ƙarƙashinsu akwai Ma'aikatar Abinci da Ma'aikatar Kayan Yaƙi a Landan. Cikin watan Yuni na 1942 aka aiko Lod Suwintan, minista sukutum, ya zauna a Acimota kusa da Ankara, ya haɗa gwamnonin Nijeriya da Gambiya da Saliyo da ƙasar da a ke kira Gana yanzu, tare da manyan soja, cikin majalisar yaƙi guda. Daga gare shi magana ta kan zo Ikko wurin Gwamna Bodilan, wanda Gwamna Ricas ya gada a 1943. Daga Ikko sai Kaduna, daga Kaduna sai Razdan na Sakkwato, daga Razdan sai Sarkin Musulmi da majalisarsa, sa'an nan hakimi, sa'an nan dagaci, sa'an nan mai unguwa, wanda shi ne zai tsaya ƙofar gidan mutum ya yi sallama. Turawan mulki a lardin nan 'yan kaɗan ne ƙwarai, ba su isa su ƙirga buhu ko su tara mutane ba. En'e ce ta yi aikin. Ahmadu Sardauna, wanda daga baya ya zama Firimiyan Jihar Arewa, a Gusau ya ke zaune tun 1938 yana duba wa Sarkin Musulmi gundumomin gabas, irin hannuwan da umurnin yaƙi ya bi ke nan.

Mu ɗauki gyaɗa tukuna. A 1942 aka faɗaɗa hukumar da ke sayen koko, ta zama hukumar sayen amfanin gonar Afirka ta Yamma, gyaɗa da man ja da ƙwara suka shiga hannunta. Ga yadda abin ya ke aiki. Kafin kaka gwamnati ta kan yanka kuɗin tan guda, ba mai ƙarawa, ba mai ragewa. Ba wanda zai fid da gyaɗa ƙasar waje sai hukumar. Manyan kamfanoni irin su U.A.C. da John Holt da G.B.O. suka zama wakilanta, su saya su miƙa mata su karɓi la'adarsu, aka kuma raba musu kasuwa gwargwadon abin da kowannensu ya saba saye kafin yaƙi. Ku lura da wannan ƙa'ida ta ƙarshe, don tana da dafi a wutsiya: wanda ya riga ya yi girma ya tabbata babba, ɗan kasuwar ƙasa kuwa da ke son ya fara fid da kaya ya tarar ƙofa a kulle. Duk gyaɗar kuma Ma'aikatar Abinci ta Landan ke ɗauka.

A ganina dabarar tana da amfaninta, ba daidai ba ne a ce zalunci ce tsantsa. Manomin da ya sha wuyar shekarun 1930, sa'ad da kuɗin gyaɗa ya faɗi warwas, ya san daɗin a ce masa tun kafin ya tuge ga abin da zai samu. Amma kuɗin da aka yanka bai kai abin da kasuwa za ta biya ba da an bar ta, don gwamnati tana tsoron in kuɗi sun yi yawa hannun mutane alhali kantuna babu kaya, tsada za ta haukace. Mutumin Gummi kuwa da ke nesa da tashar jirgi, bisa al'ada sai an cire masa kuɗin ɗauka daga abin da na Gusau ke samu. Saboda haka Turawan gona da hakimai suka yi ta zagaya ƙauyuka suna cewa a ƙara gyaɗa don a ci Hitila, manomi na saurare da ladabi, yana kuwa lissafinsa a zuci. Kadadar da ya ba gyaɗa, dawa ya ƙwace wa.

Sai kuza, wadda ita ce baƙin shafi na wannan tarihi. A tsaunukan Jos a ke haƙarta, kamfanonin Turawa ke da filayen, da hannu da kwano a ke yawancin aikin. Gwamnati ta ce a ƙara abin da a ke fitarwa ko ta halin ƙaƙa. Injuna ba su samuwa, sai mutane, mutane kuwa ba su son zuwa don ladan kaɗan ne. Sai aka yi dokar tilas a 1942. Aka yanka wa larduna adadi, lardi ya raba wa gundumomi, hakimi ya raba wa dagatai, kamar dai yadda a ke raba haraji, sai dai wannan karon da kawunan mutane a ke biya. Talakawa suka sa wa abin suna diban gwamna. Wanda aka ɗiba ya kan yi wajen wata huɗu kafin a sake shi a kawo wani. Daga 1942 zuwa 1944 mutum wajen 100,000 aka kai daga lardunan Arewa, Lardin Sakkwato na ciki.

Ku 'yan makaranta da kuka karanta labarin ƙasa kun san Jos tudu ce mai sanyi. Ku ƙaddara mutumin kwarin Zamfara, wanda ya tashi cikin zafi, an kai shi can da 'yar taguwa, yana yini cikin ruwa da laka, ya kwana cikin bukkar da aka yi da gaggawa, abinci kuma ba ya isa. Ciwon haƙarƙari da atuni suka kama mutane, da yawa suka mutu, musamman wajen ginin madatsar ruwa ta Tenti. Da yawa kuma suka gudu, waɗansu tun a hanya. Wa a kan ɗiba? Ba sai na faɗa muku ba: duk inda aka ba mai unguwa adadi aka ce ya cika, mai abin hannu da mai uwa a gindin murhu su kan sami mafita, marar gata shi ke tafiya. Ingila ta riga ta sa hannu a yarjejeniyar 1930 ta hana aikin tilas, amma yarjejeniyar ta bar ƙofa don lokacin yaƙi, ta nan aka bi. Duk da haka waɗansu wakilai a majalisar Ingila suka yi ta tambayar ministoci a kan mace-macen, har aka daina diban a 1944.

Shin ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A 1943 Nijeriya ta fid da kuza sama da tan 17,000, ba a taɓa kai haka ba, ba a kuma sake kaiwa ba. Amma ƙarin da aka samu kaɗan ne in an gwada shi da yawan mutanen da aka ƙara, don wanda aka kawo da tilas, bai iya aikin ba, ga yunwa ga ciwo, ba ya yin rabin abin da gwani mai son kansa ke yi. Masu lissafi a ofis sun ɗauka in an ninka hannuwa an ninka kuza. Ba haka ya zama ba.

Ga kuma inda igiyoyin suka sarƙe. Dubban mutanen nan da aka tara a Jos sai sun ci. Sojan da a ke horarwa a bariki sai sun ci, don a 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma waɗanda suka tafi Bama. Leburorin da ke gina filayen jirgin sama a Kano da Maiduguri su ma sai sun ci, don tun 1940 a ke harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su biyo ta nan su wuce Sudan da Masar. Daga ina hatsin zai fito? Daga rumbun manomin nan guda, wanda aka ce ya ƙara gyaɗa, aka ɗebi ɗansa zuwa kuza, ƙanensa kuma ya shiga soja. Gwamnati ta yanka wa En'e-En'e adadin hatsin da za su saya mata bisa kuɗin da ta ƙayyade, wanda bai kai na kasuwa ba. A takarda kowane ofis yana da gaskiyarsa: mai gyaɗa na son mai, mai kuza na son lebura, mai soja na son kurata, mai hatsi na son buhu. Amma su huɗun ƙofa ɗaya su ke ƙwanƙwasawa. Ofishin Acimota ya iya daidaita jiragen ruwa da tashoshi, bai kuwa iya daidaita wannan ba, don ba daga Acimota a ke ganin cikin rumbu ba.

Damina ta yi gardama a waɗansu wurare a shekarun nan, abinci ya yi wuya. Mutanen ƙasar Katsina suna kiran yunwar 1942 da suna 'Yar Gusau, don can aka yi ta zuwa neman hatsi. Sunan nan kaɗai ya isa ya nuna muku matsayin ƙasar Zamfara a lokacin: ita ce rumbun da maƙwabta ke dubawa, ita ce kuma gwamnati ke dubawa.

Yanzu mu koma kan zinariya. Kafin yaƙi ita ce sarauniya, amma ba a ƙera harsashi da ita, ba a kuma yin gwangwani. Da yaƙi ya yi zafi sai darajarta wurin gwamnati ta faɗi ƙasa da ta kuza. A Amurka, cikin watan Oktoba na 1942, hukumar kayan yaƙi ta ba da umurni a rufe ramukan zinariya don mahaƙa su koma haƙar jan ƙarfe da makamantansa. A Nijeriya ma hankali da lebura da kayan aiki suka karkata Jos, haƙar zinariya ta ja baya cikin shekarun yaƙin, kamfanoni suka bar ramukansu, ba su kuma komo da ƙarfinsu na da ba. Wannan misali ne mai kyau na abin da tsarin yaƙi ke yi: ba tambayar me ya fi tsada a ke yi ba, me ya fi amfani ga yaƙi a ke tambaya.

A kasuwa kuwa, abin da talaka ya fi ji shi ne rashin kayan kanti. Gishirin da a ke kawowa daga Ingila ya yi wuya har aka shiga rabonsa. Kananzir da akoko da alawayyo suka yi tsada. Man mota da taya sai da takardar izini, saboda haka jaki da raƙumi suka sake samun daraja, masaƙa da marina su ma kasuwarsu ta ɗan farfaɗo. Aka sa mutane shiga daji neman danko a jikin itatuwa. Aka kuma yi ta tara gudummawa, sarakuna da ma'aikata da 'yan makaranta, don sayen jiragen yaƙi. Gwamnati ta gwada ƙayyade kuɗin abinci, musamman a Ikko inda Kyaftin Fulen ya buɗe kasuwannin gwamnati, matan kasuwa ƙarƙashin Alimotu Pelewura suka yi tsaye suka ƙi. Duk inda aka ƙayyade kuɗi kaya kuwa ba su isa ba, sai ciniki ya koma bayan fage. Tsadar nan ce ta taru har ta haifi babban yajin aikin ma'aikata na watan Yuni 1945, wanda ya tsai da jirgin ƙasa fiye da wata guda.

Yaƙi ya ƙare a 1945, soja suka komo, diban gwamna ya zama labari. Amma gwamnati ba ta saki abin da ta kama ba. Ta ɗanɗana ta ji cewa mai yanka kuɗin gyaɗa yana iya saye da araha ya sayar da tsada, ya ajiye bambancin. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya da ta auduga bisa harsashin nan na yaƙi, a 1954 aka mai da su hannun jihohi. Da rarar kuɗin manoma aka yi ayyuka da yawa a Arewa, da ita kuma aka yi ɓarna ba kaɗan ba. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ku ke gani a hotuna, ta yi tsawo bayan yaƙi ne don jirgin ƙasa ya gaji, babu isassun kawuna da taragai da za su kwashe ta zuwa Ikko. Hukumomin nan ba su rushe ba sai a 1986, shekara 41 bayan mutuwar Hitila.

Zinariyar Anka da Bukkuyum kuwa ta yi barcinta har kuɗinta ya sake tashi a duniya, mutanen ƙauye suka koma mata da kansu, suna niƙa dutse a cikin gidaje. Dutsen yana da dalma. A 2010 aka gane gubar a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, yara wajen 400 suka rasu. Cikin watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara duka, ta ce masu bindiga a daji suna cin moriyarta, ba ta ɗage hanin ba sai a watan Disamba na 2024.